Yadda agogon murɗawa yake sakin ƙararrawarsa idan lokaci ya yi

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai koyon gyaran wayar salula a Kusseri. Ya ce ya gaji wani tsohon agogon tebur na kakansa, irin mai kwanon ƙararrawa biyu a ka da mabuɗai a baya, kuma da watan azumi ya gabato sai ya share shi, ya murɗa, ya ga yana tafiya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne babu batir a ciki, babu waya, babu wani abu mai kama da ƙwaƙwalwar na'ura, amma idan ya ajiye ƙaramin hannun a kan ƙarfe 4 sai agogon ya tashe shi sahur. Yana so ya san ta yaya agogon yake gane cewa lokacin ya yi, me ya sa yake sake kaɗawa da ƙarfe 4 na yamma, kuma me ya sa yakan riga lokacin da aka ba shi da minti biyar.

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya kuma yi wa sana'arka albarka. Na shafe shekaru ina buɗe irin waɗannan agogai a teburina a Garwa, kuma tambayoyinka uku duk amsarsu tana wuri ɗaya ne, a jikin wani ɗan giɓi da bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Amma kafin mu kai gare shi, sai ka fara cire tunanin cewa agogon yana duba lokaci ne kamar yadda wayar da kake gyarawa take yi. Waya tana riƙe da lambobi biyu, lokacin da ake ciki da lokacin da aka ba ta, tana ta gwada su, idan sun yi daidai ta saki ƙara. Agogon kakanka bai san lamba ba. Tun daga sa'ar da ka murɗa mabuɗin ƙararrawa da dare, gudumar da ke tsakanin kwanukan nan biyu take neman ta fara duka, kuma da za a bar ta, da nan take za ta fara. Wani siririn ƙarfe ne ya tare ta, kuma duk aikin da tafiyar lokaci take yi a nan shi ne ta janye wannan ƙarfen daga hanya. Wanda ya taɓa ɗana tarkon tsuntsu a gona ya riga ya san rabin maganar, domin ƙarfin tarko yana cikin sandar da aka tanƙwara tun da farko, ɗan tsinken da tsuntsu ya taka kuwa sakin ta kawai yake yi.

Idan ka juya bayan agogon za ka ga mabuɗai biyu, kuma dalilin hakan shi ne injuna biyu ne suke zaune a gida ɗaya. Kowane mabuɗi yana naɗe nasa sifirin, wato dogon fallen ƙarfe da aka nannaɗe kamar gammo, wanda yake ta ƙoƙarin warwarewa. Ɗaya na tafiyar lokaci ne, ɗayan na ƙararrawa. Na lokacin yana tura jerin faya-fayai masu haƙora, kowanne yana juya na gabansa da saurin da ya fi nasa, har a kai ga na ƙarshe, wanda wata 'yar ƙugiya mai baki biyu take tarewa tana saki, haƙori ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ƙugiyar tana bin umarnin wani faifai mai lilo ne, wanda yake kai da komo a kan sifirin mai sirantar gashi. Ƙarar nan da kake ji cikin dare, ƙas-ƙas-ƙas, ta wannan tarewa da saki ce. A taƙaice ke nan, domin ba a nan tambayarka take ba. Abin da muke bukata daga wannan ɓangaren shi ne akwai sanda a tsakiyar agogon wadda take juyawa sau ɗaya cif a awa guda, kuma a kanta aka kafa dogon hannu na minti.

Daga wannan sandar ake samar da tafiyar gajeren hannu na awa, a ƙarƙashin fuskar agogon. Ana rage saurin sau 12 a mataki biyu. Misali, ƙaramin faifai mai haƙora 12 ya juya mai haƙora 36, an rage sau 3 ke nan. Sannan mai haƙora 10 da ke manne da shi ya juya mai 40, an sake ragewa sau 4. Idan aka ninka 3 sau 4 an sami 12. Adadin haƙoran yana bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, amma sakamakon ɗaya ne, faifan awa yana kammala zagaye ɗaya a cikin awa 12. Ka riƙe wannan lambar da kyau, za mu dawo gare ta.

Yanzu ga zuciyar al'amarin. A agogai irin na kakanka, waɗanda suke da ƙaramar fuska ta daban a sama mai nuna lokacin ƙararrawa, akwai wani faifai a bayan wannan ƙaramar fuskar wanda aka haɗa haƙoransa da na ɓangaren awa, ta yadda shi ma sau ɗaya yake zagayawa a awa 12. Wannan faifan ba a ɗaure yake da sandar da ta ratsa tsakiyarsa ba. Yana juyawa a kanta sakaka, kuma yana iya zamewa gaba da baya a tsawonta, kamar yadda zobe yake zamewa a yatsa. A fuskarsa akwai ɗan wuya mai kama da bakin tulu, kuma a bakin wuyan an yanke giɓi guda ɗaya. Yadda aka yanke giɓin shi ne dukan hikimar: gefe ɗaya a miƙe yake tsaye, ɗaya gefen kuwa gangara ce mai sauƙi. Ka tuna yadda bakin Binuwai yake a wasu wurare, inda ruwa ya zaftare gaɓa ta tsaya kamar bango, a tsallake kuma ƙasa ta kwanta a hankali har shanu suna gangarawa su sha.

Ita kuma sandar da ta ratsa tsakiyar wannan faifan, ita ce kake murɗawa ta baya idan kana zaɓen lokacin tashi. A kanta ƙaramin hannun ƙararrawa yake, kuma kusa da bakinta akwai ɗan tsinken ƙarfe da ya fito ta gefe, yana zaune a kan bakin wuyan nan. Sandar ba ta motsi da kanta, domin an matse ta da wani lanƙwasasshen zobe ta baya, inda ka bar ta nan za ta tsaya. Saboda haka duk sa'ar da ka kai hannun ƙararrawa kan ƙarfe 4, abin da ka yi a zahiri shi ne ka ajiye tsinken a wani wuri a kan da'ira, ka bar shi yana jira.

Saura abu ɗaya. A ƙarƙashin faifan akwai dogon fallen ƙarfe mai dawowa idan an danne shi, zan kira shi harshe domin sauƙin bayani. An ɗaure gindinsa a jikin injin, tsakiyarsa tana tura faifan zuwa wajen tsinken ba dare ba rana, bakinsa kuma an lanƙwasa shi ya shiga cikin injin har ya tsaya a gaban wata siririyar wayar ƙarfe da ke jikin sandar guduma. Muddin tsinken yana kan lafiyayyen bakin wuyan, faifan ba shi da hanyar matsawa gaba, yana danne da harshen, bakin harshen kuma yana tare da gudumar. Haka za a kwana. Faifan yana juyawa a hankali ƙwarai, bakin wuyansa yana gogar tsinken yana wucewa, giɓin yana matsowa kaɗan-kaɗan. Da zarar tsayayyen gefen giɓin ya iso ƙarƙashin tsinken, sai faifan ya rasa abin da ke tokare shi, harshen ya cilla shi gaba da kamar milimita ɗaya ko biyu, tsinken ya faɗa cikin giɓin. Da harshen ya ɗago, bakinsa ya bar gaban wayar, gudumar ta sami kanta. Wannan ɗan tsallen shi ne abin da kake kira gane lokaci, kuma babu wani abu bayan shi.

Kana iya jin sa da kunnenka ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba. Ka danne maɓallin tsayar da ƙararrawa, ka kara agogon a kunne, ka riƙa juya hannayen lokaci gaba a hankali. Idan hannun awa ya kusa lokacin da ka zaɓa za ka ji wata 'yar ƙara guda ɗaya, tas, wadda ta bambanta da ƙas-ƙas ɗin tafiya. A wasu agogan, inda hannun ƙararrawa yake fitowa daga tsakiya tare da sauran hannaye, faifan awa da kansa ne yake yin tsallen, har idan ka zuba ido daga gefe za ka ga gajeren hannun ya ɗan zabura zuwa wajen gilashi.

Abin da ke biyo baya mai sauƙi ne. Sifirin na ƙararrawa yana juya babban faifai, shi kuma ya juya wani ƙarami mai haƙora masu tsini, haƙoran suna ture wata ƙugiya mai baki biyu hagu da dama, gudumar kuwa a jikin sandar ƙugiyar take. Tsarin ya yi kama da na ɓangaren lokaci, sai dai a nan babu faifan lilo da zai sa a yi haƙuri, nauyin gudumar ne kaɗai yake rage gudun. Shi ya sa ƙarfin da ɗan'uwansa yake rabawa a kan yini guda da 'yan awoyi, sifirin na ƙararrawa yakan ƙarar da nasa cikin abin da da wuya ya wuce minti ɗaya, kuma za ka ji ƙarar tana sanyi tana ja da baya yayin da sifirin yake saki. Maɓallin da kake dannawa a sama ba ya taɓa giɓin ko tsinken ko kaɗan. Wani hannu ne na biyu da yake kama gudumar ko faifanta. Akwai kuma agogai masu mabuɗi ɗaya, inda sifirin guda yake ciyar da ɓangarorin biyu, kuma a cikinsu an sa abin da yake tsayar da ƙararrawar bayan 'yan juyi, don kada ta shanye ƙarfin da lokaci zai yi tafiya da shi.

To, wa yake sake ɗana tarkon? Gangarar nan ce. Faifan bai daina juyawa ba, saboda haka tsinken da ya faɗa ta tsayayyen gefe yana fara hawa ta kwantaccen gefe, kuma hawan nasa yana mayar da faifan baya, faifan ya danne harshen, bakin harshen ya koma gaban guduma. A yawancin agogan da suka bi ta hannuna wannan yana ɗaukar awa ɗaya ko kusa da haka. Wannan ne dalilin wani abu da yake ruɗa mutane: ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfe 4, mutum ya danne ta, ya ci sahur, ya ɗaga maɓallin da ƙarfe 4 da kwata don ya shirya ta saboda gobe, sai ta sake ɓarkewa da ƙara, ya ɗauka ta lalace. Lafiyarta ƙalau, tsinken ne bai gama fitowa daga giɓin ba.

Tambayarka ta biyu ta amsa kanta ke nan. Faifan yana zagayawa sau ɗaya a awa 12, wato sau biyu a yini, don haka giɓin yana riskar tsinken sau biyu, da 4 na asuba da 4 na yamma, kuma babu wani abu a cikin injin da zai bambanta duhun sahur da hasken la'asar. Idan ka murɗa mabuɗin ƙararrawa da safe ka bar maɓallin a ɗage, lalle za ta kaɗa da yamma. Maganin shi ne ka mayar da murɗawar da ɗaga maɓallin aikin dare, bayan sallar isha'i, kamar yadda na tabbata kakanka yake yi. Daga nan kuma za ka gane cewa ba za a iya ba irin wannan agogon alƙawarin da ya wuce kamar awa 11 ba. An ƙera wasu da faifai mai zagayen awa 24, amma ba su yi yawa ba, kuma abin da suka samu ta wani gefe sun rasa shi ta wani, domin faifan da ya rage gudu da rabi kuskurensa ninkuwa yake yi.

Siffar giɓin ce kuma ta sa ake zana kibiya kusa da mamurɗin zaɓen lokacin ƙararrawa a baya. Tsinken yana iya faɗawa ta tsayayyen gefe ya fita ta gangara, amma ba ya iya hawa bango. Idan ka juya mamurɗin ta inda kibiya ta nuna, tsinken yana bin hanyar da ya saba bi. Idan ka juya shi ta ɗaya gefen, ko ka mayar da hannayen lokaci baya suka ratsa ta kan lokacin ƙararrawa, tsinken zai ci karo da bangon, kuma daga nan abu ɗaya cikin uku ne zai faru, ko ya ja ɗan'uwansa su tafi tare, ko tsinken ya lanƙwashe, ko hannu ya goce a kan sandarsa. Wasu masana'antun sun yi dabarar sa mamurɗin ya kwance ya faɗo a hannunka idan ka juya shi ba daidai ba, don ya kare abin da ke ciki. Na sha karɓar agogon da mai shi ya rantse bai taɓa faɗuwa ba, amma yana kaɗawa da bambancin awa guda, kuma kusan kullum idan na bincika sai in tarar yara ne suka mai da mamurɗin abin wasa.

Sai maganar minti biyar ɗin nan, wadda a ganina ita ce ta fi daɗin lissafi. Da'ira digiri 360 ce, awa 12 kuma minti 720 ne, saboda haka faifan yana tafiyar rabin digiri kacal a minti ɗaya. Mu ƙaddara faɗin wuyan da giɓin yake jikinsa milimita 6 ne. Kewayensa zai kama kusan milimita 19, idan aka raba shi gida 720 kuma, tafiyar minti ɗaya ba ta kai kashi 3 cikin 100 na milimita ba, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba. Minti biyar ɗin da kake ƙorafi a kai, a bakin giɓin bai wuce kaurin takardar littafi ɗaya ko biyu ba. Ka haɗa wannan da ɗan wasan da dole a bari tsakanin haƙora don kada su cije, da cinyewar bakin giɓin bayan faɗuwa dubbai, da kuma ƙanƙantar fuskar da kake saita hannun a kanta, inda awa guda ba ta fi faɗin ƙwayar wake ba, sai ka ga cewa agogon da ya tsaya a cikin minti biyar ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Bakin giɓin da ya cinye yakan sa tsinken ya zame da wuri, shi ya sa tsofaffin agogai suka fi karkata ga riga lokaci, kuma ga mai sahur wannan ya fi alheri a kan akasinsa.

Sai dai ka bambanta kuskure iri biyu, domin mutane suna cakuɗa su. Na farko shi ne wanda muka gama bayani, inda ƙararrawa take kaɗawa alhali hannayen suna nuna 4 saura biyar. Na biyu shi ne hannayen su nuna 4 cif, ƙararrawa ta kaɗa daidai, amma wayarka ta ce 4 da minti bakwai. Wannan na biyun ba laifin giɓi ba ne, faifan lilo ne yake sauri ko nawa, kuma a ƙasarmu manyan dalilansa biyu ne, zafi da ƙura. Siririn sifirin da aka yi da baƙin ƙarfe zalla yana yin laushi idan ya ji zafi, agogon ya riƙa rasa wajen daƙiƙa 10 a yini a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Agogon da aka daidaita da sanyin Janairu, idan ya shiga zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa da Njamena suke haura digiri 40, yana iya rasa minti biyu ko uku kullum. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Charles Édouard Guillaume, ya haɗa gaurayen ƙarfe da zafi ba ya canza taurinsa sosai, ana kiran sa Elinvar, kuma aikinsa a kan irin waɗannan ƙarafa ne ya ba shi kyautar Nobel a 1920, amma ba kowane agogo mai araha ya sami irin wannan sifirin ba. Ƙurar hunturu kuwa, wadda iska take kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, tana shiga ta ramukan mabuɗai ta gauraya da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Don gyara gudu akwai ɗan hannu a baya cikin wata tsaga mai lanƙwasa. A agogan Faransa za ka ga harafin A ta gefen ƙara sauri da R ta gefen ragewa, a na Ingila da Amurka F da S, a wasu kuma alamar tarawa da ta ɗebewa. Ka matsa shi kaɗan ƙwarai, ka jira yini guda kafin ka sake taɓawa.

Wannan dabarar ta girmi agogon kakanka nesa ba kusa ba. Tsofaffin agogan bango na Turai masu tafiya da nauyin da aka rataya suna da faifai a tsakiyar fuska mai juyawa tare da hannun awa, da ɗan ƙusa a bayansa wanda yake ɗaga sanda ya saki ƙararrawa. A 1787 wani maƙerin agogo a garin Concord na Amurka, Levi Hutchins, ya ƙera wa kansa wanda yake kaɗawa da ƙarfe 4 na asuba kawai, lokacinka ke nan na sahur, ba a iya canza shi, domin a kafe abin sakin yake wuri ɗaya. A 1847 Bafaranshe Antoine Redier ya yi rajistar agogon ƙararrawa wanda mai shi yake iya zaɓen lokaci, a 1876 kuma aka yi rajistar ƙaramin na gefen gado na kamfanin Seth Thomas a Amurka. Waɗanda suka fi zuwa teburina su ne na kamfanonin Jaz da Bayard na Faransa, da Junghans na Jamus, sai na Sin da suka cika kasuwa daga baya, kuma idan ka buɗe su ka jera, giɓi da tsinke da harshe za ka tarar a kowanne, siffa ce kawai take ɗan sauyawa. Hatta agogon hannu mai ƙararrawa, irin Vulcain Cricket da ya fito a 1947, a kan wannan tunanin aka gina shi. A irin waɗannan ƙananan akan sa 'yan ƙusoshi uku da ramuka uku, kowanne da nisansa daga tsakiya, don kada su dace gaba ɗaya sai sau ɗaya a zagaye. Agogon roba mai batir da hannaye da ake sayarwa yau, duk da cewa ɗan dutsen kwatz mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ne yake riƙe masa lokaci, ƙararrawarsa har yanzu da faifai mai tsalle take tashi, sai dai maimakon sakin guduma, ƙarafa biyu yake haɗawa wuta ta wuce. Shi ya sa shi ma bai san asuba da la'asar ba.

Idan minti biyar ɗin yana damun ka, kuma kullum ta gefe ɗaya yake, hannunka da ya saba da ƙananan sukurori zai iya gyarawa. Ka cire mabuɗai da mamurɗai na baya, ka zare injin daga gidansa, ka kai hannun ƙararrawa kan ƙarfe 6 daidai ta bin kibiya. Ka juya lokaci gaba a hankali har ka ji tas ɗin nan, ka tsaya nan take. Sannan ka shimfiɗa takarda a kan fuskar don kada ta karce, ka ɗaga hannun minti da na awa a miƙe, ka mayar da su suna nuna 6 cif, ka danna. Na zaɓi 6 ne domin hannayen biyu suna zama a layi ɗaya, ido ba ya kuskure. Ka zagaya awa 12 ka sake gwadawa sau biyu ko uku, kuma idan faɗuwar tana yawo, yau ta riga gobe ta makara, ka duba zoben da ke matse sandar ƙararrawa, wataƙila ya saki har faifan yana jan tsinken. Idan kuwa ƙararrawar ta ƙi yin shiru sam, ko ta ƙi tashi sam, galibi bakin harshen ne ya lanƙwashe, ko tsohon mai ya daskare ya hana faifan zamewa a kan sandarsa.

Notocin da suka haɗa faranti biyu na injin kuwa, kada ka kusance su muddin akwai ƙarfi a sifirin, domin idan ya kuɓuce yana kakkarya haƙora, yana kuma tsaga yatsa. Kada ka zuba masa man gyaɗa ko man inji, kuma kada ka tsoma shi cikin kananzir ka mayar haka nan kamar yadda wasu suke yi. Man agogo ake sawa, ɗigo a bakin allura, a ramukan da sanduna suke juyawa kawai, haƙoran faya-fayai kuwa a bushe ake barin su. Idan lambobin fuskar da hannayen suna da wani busasshen fenti mai launin ƙasa-ƙasa ko kore, wanda dā yake haske cikin duhu, kada ka kankare shi, kada ka hura shi da baki. Agogan da aka yi kafin wajen shekarun 1960 da yawa an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam, wanda yake ci gaba da fitar da tururi mai cutarwa ko bayan hasken ya mutu, kuma haɗarinsa yana cikin shaƙar garinsa ko haɗiye shi. Idan ka ga alamarsa a na kakanka, ka bar hannayen yadda suke, ka riƙa ajiye ƙaramin hannun a kan 4 da minti biyar.